Gurbi Sittin da Huɗu

Ƙarfe biyun dare a Damagaram.
Wuta ta dawo, fanka ta yi tari ta tashi.
Ni kaɗai a ɗakin na'urorin asibiti,
da shayin da Kyari mai gadi ya bar mini,
ya huce tun ɗazu.

Can ƙasa, ƙarƙashin hotuna da rubutun allo,
akwai cibiya, inda na'ura ke rataye makullanta.
Ita ke raba wa kowa makwanci,
ita ke cewa kai shigo, kai dakata.
Wanda duk ya hau tabarmarta
ya zama maigida, ba mai tambayarsa takarda.

Wani bawan Allah, shekaru da dama baya,
a garin da ban san sunansa ba,
ya yanka gurbi sittin da huɗu don a zuba suna.
Ya ce a ransa, wa ke da sunan da ya fi haka?
Wataƙila abincinsa na sanyi a gida.
Ya tashi bai rubuta layin
da zai auna baƙo a bakin ƙofa ba.

Ban zage shi ba. Na san gajiya.

Sai ga saƙo mai harafi ɗari uku.
Sittin da huɗu suka zauna inda aka yi musu shimfiɗa,
saura suka haura katanga,
suka kwanta a kan kwatancen komawa gida.
Na'ura ta gama aiki, ta duba hanya,
ta tarar an sake mata kwatance,
ta bi shi da ladabi
har zauren ɓarawo, makullai a hannu.

Inna Cima, uwata, gero take aunawa a Kasuwar Dole.
Takan ce tiya na da baki
amma ba ta taɓa cewa ya isa,
mai awo ke faɗa.
Ran da ƙanena ya zuba ba ya kallo,
gero ya gangara buhun waken maƙwabciya,
sai da suka yini suna tsinta
ba mai yi wa wata magana.

Mu da muka tashi a layin famfo tun asuba,
a garin da duwatsu suka fi rijiyoyi yawa,
yaro ma ya san kukan jarka in ta kusa cika,
yadda muryarta ke sirancewa a wuya.
Na'ura ba ta da wannan kunne.
Abin da aka ba ta, shi take zubawa.

Kuma me ke ciki?
Jinin Barira, wane iri ne.
Awon cikin matan Birni da na Zango.
Sakamakon da wani tsoho ya ninke a aljihu
bai gaya wa 'ya'yansa ba tukun.

Faci ya iso, yana jan ƙafa a kan layi mai rauni,
minti arba'in don layi uku:
in tsawo ya wuce gurbi, a ƙi karɓa.
Shi ke nan. Kalmar da Inna ke faɗa kullum.

Lawali mai faci, a bakin tasha,
yakan nutsa roba a kwano, ya jira kumfa.
Ni wane kwano zai ɗauki layi miliyan?
Na toshe wadda aka nuna mini.
Sauran hudojin suna barci,
wani kuma a wani wuri bai yi barci ba.

Na kashe, na kunna.
Allo ya yi baƙi, na ga fuskata a ciki
tana ƙirga numfashi.
Goma sha ɗaya. Goma sha biyu.
Haske.

Ana kiran assalatu ta wajen Garin Malam
ungozoma ta ƙwanƙwasa, hannunta na warin sabulu:
an haihu, mace, a shigar da ita.
Na buɗe shafi, na sa nauyi, na sa lokaci.
Wurin suna na bari fili,
gurbi sittin da huɗu,
sai nan da kwana bakwai.